Sana'a da Hidimar Jama'a: Waiwaye a kan Shugabannin Jam'iyyar Mutanen Arewa, 1948 zuwa 1951

1.0 Gabatarwa

A duk lokacin da aka ambaci Jam'iyyar Mutanen Arewa, abin da ke fara zuwa a zuciyar mai sauraro shi ne jam'iyyar siyasar nan ta NPC wadda ta riƙe gwamnatin Jihar Arewa har zuwa watan Janairu na 1966. Amma kafin ta zama haka, ta yi shekara uku tana matsayin ƙungiyar sa-kai, mai kwamitin gudanarwa da ma'aji da masu binciken kuɗi, wadda ba ta tsayar da ɗan takara, ba ta kuma neman riba. Ita kanta kalmar "jam'iyya", wadda Hausa ta aro daga Larabci, a wancan zamani ma'anarta ƙungiya ce kawai. Daga baya ne ma'anar ta ƙuntata ta koma ga siyasa, ko da yake tsohuwar ma'anar tana nan a cikin suna irin na Jam'iyyar Matan Arewa.

Wannan maƙala za ta dubi mutanen da aka zaɓa su shugabanci wannan ƙungiya a 1949, da irin aikin da kowannensu yake ci da shi, da yadda aikin ya dace da muƙamin da aka ba shi. Manufar ita ce a nuna cewa sana'ar da ta sa aka ga cancantar waɗannan bayin Allah, ita ce kuma ta zamar musu dabaibayi, har ƙungiyar ta suɓuce daga hannunsu a 1951. Batun yana da muhimmanci ga masu kafa ƙungiyoyin ci gaban gari da gidauniyoyi a yau, domin tambayar da aka fuskanta a Kaduna a 1949 ita ce suke fuskanta: wa za a damƙa wa amana, kuma a hannun wa abincinsa yake?

2.0 Sana'a da Muƙami a Tsarin Gargajiya

Raba muƙami bisa ga abin da mutum ya iya tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Ayarin fatake, ko na masu zuwa Gwanja neman goro, ko na masu gangarawa kwarin Binuwai su ɗauko gishirin Awe da na Keana, yana da shugabanni waɗanda kowa ya san aikinsa. Madugu shi ne uban tafiya, shi ke shiga tsakanin ayari da sarakunan garuruwan da za a ratsa, ya daidaita kuɗin fito. Jagaba shi ke gaba domin ya san hanya da zango. Uban dawaki yana kula da tattara abin da za a biya, malamin ayari kuwa shi ke riƙe da rubutu da addu'a. A cikin gari ma haka abin yake, domin Sarkin Pawa mahauci ne, Sarkin Maƙera maƙeri ne, ba a kuma naɗa wanda bai san wuƙa ba ya shugabanci mahauta.

Sai dai akwai wani abu da ya kamata a lura da shi. Madugu da dukiyarsa yake tafiya, ribarsa da hasararsa suna cikin ayarin da yake ja. Ba shi da wani ubangida a waje wanda zai aiko masa da takarda ya ce ya bar ayari ya koma wani gari. Shugabannin ƙungiyoyin zamani da suka fara bayyana a Arewa daga 1939 ba su sami wannan 'yanci ba, domin kusan dukkansu masu albashi ne, albashin kuma daga ɗayan wurare biyu yake fitowa, wato gwamnatin Turawa ko En'e.

3.0 Ƙungiyoyin Farko, 1939 zuwa 1948

Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, an kafa ta ne domin horar da malaman makaranta. A 1938 aka mayar da ita Kaduna, a 1949 kuma ta koma Zariya, ita ce yau ake kira Kwalejin Barewa. Daga wannan makaranta guda mafi yawan 'yan bokon Arewa na farko suka fito, shi ya sa ba abin mamaki ba ne da ƙungiyar farko da ta haɗa su ta kasance ta tsofaffin ɗalibanta, wadda aka kafa a 1939. Ba ta yi nisa ba ta kwanta, saboda yaƙin duniya na biyu ya ɗauke hankalin hukuma, sarakuna kuma ba su saki jiki da taron samari masu jin Turanci ba.

A shekarun da suka biyo baya sai ƙananan ƙungiyoyi suka riƙa ɓullowa gari gari. A Bauci, a 1943, aka kafa Majalisar Taɗi da yardar jami'an Turawa, inda malaman Midil irin su Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano, tare da Malam Sa'adu Zungur, suke tattauna al'amuran mulki da ilmi. Da muhawara ta fara taɓa tsarin En'e sai aka rufe majalisar, su kuwa masu zafin cikinsu suka kafa wata ƙungiya ta kyautata rayuwar jama'ar Bauci. A Sakkwato, a tsakiyar shekarun 1940, samari irin su Malam Shehu Shagari, wanda shi ma malamin Midil ne, suka kafa tasu ƙungiyar. A 1948 kuma aka kafa Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa, Malam Aminu Kano ne babban sakatarenta.

Abin da ya haɗa waɗannan ƙungiyoyi shi ne kowaccensu a hannun malaman makaranta da akawuna take. Dalilin a fili yake. Ƙungiyar zamani tana buƙatar wanda zai rubuta tsarin mulkinta, ya ajiye bayanin taro, ya aika wa Razdan takarda da Turanci, ya kuma riƙe littafin kuɗi. A Arewar wancan zamani, wanda ya iya waɗannan abubuwa ɗan Kwaleji ne ko ɗan Midil, wanda ya fito daga waɗannan makarantu kuwa aikin gwamnati ko na En'e yake shiga, domin babu wani wurin da zai kai takardarsa.

Tsarin mulkin Richards, wanda ya kawo Majalisar Wakilai da ta Sarakuna a Kaduna a 1947, da kuma zagayen da jam'iyyar NCNC ta yi a Arewa a 1946, sun sa 'yan bokon nan suka ga cewa ƙungiyoyin gari ɗaya ɗaya ba za su wadatar ba. A watannin Satumba da Oktoba na 1948 aka yi taruka biyu, ɗaya a Zariya a ƙarƙashin Dokta Barau Dikko, ɗaya a Kaduna a ƙarƙashin Malam D. A. Rafih. Kafin watan Oktoba ya ƙare, ɓangarorin biyu suka haɗe da sunan Jam'iyyar Mutanen Arewa. A watan Yuni na 1949 aka yi babban taron ƙaddamarwa a Kaduna, aka zaɓi shugabanni, aka kuma bayyana cewa ƙungiyar za ta yaƙi abubuwa uku: jahilci da lalaci da zalunci.

4.0 Kwamitin 1949

4.1 Shugaba da Mataimakinsa

Wanda aka zaɓa shugaba shi ne Dokta Russel Aliyu Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912. Bafulatani ne, Kirista, ya tashi a cikin jama'ar mishan ta Zariya wadda Dokta Walter Miller ya kafa, wadda daga baya ta zauna a Wusasa. Ya yi karatu a Kwalejin Sarki ta Ikko, sannan ya tafi Jami'ar Birmingham a Ingila, ya dawo a matsayin likitan zamani na farko daga Arewa, ya shiga aikin gwamnati a 1940.

Zaɓen Kirista ya shugabanci ƙungiyar da mafi yawan 'ya'yanta Musulmi ne abu ne da ke buƙatar bayani, bayanin kuma yana cikin sana'arsa. A cikin duk waɗanda suka hallara babu mai takardar da ta kai tasa, saboda haka Bature ba zai iya kallon ƙungiyar a matsayin taron yara marasa aikin yi ba. Bugu da ƙari, likita ba ya cikin layin sarauta, ba ya neman hakimci ko alƙalanci, don haka sarakuna ba su da dalilin zarginsa da kwaɗayin rawani. Shi kansa ya fito fili ya ce ƙungiyar ba ta da nufin ƙwace ikon sarakuna, burinta ta taimaka musu wajen wayar da kan talakawa. Wannan magana daga bakin likita ta fi shiga kunne fiye da a ce ɗan sarki ne ko ɗan hamayya ya faɗe ta.

Malam D. A. Rafih, wanda ya zama mataimakin shugaba, babban ma'aikacin Reluwe ne. Wannan ma yana da ma'ana, domin garuruwan da ke kan layin dogo, irin su Kaduna da Zariya da Kano da Jos da Minna da Gusau, su ne wuraren da ma'aikata 'yan boko suka fi taruwa, nesa da idon sarakunan garuruwansu na asali.

4.2 Ma'aji

An ba Malam Abubakar Imam riƙon kuɗi. An haife shi a Kagara a 1911, ya yi Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Katsina, ya yi suna da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, sannan ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun fitowarta ta farko a watan Janairu na 1939. A 1943 yana cikin 'yan jaridun Afirka ta Yamma da aka gayyata Ingila. Ke nan a 1949 da wuya a sami ɗan boko a Arewa wanda sunansa ya kai nasa shiga gidaje.

Ƙungiyar da ke rayuwa da kuɗin da 'ya'yanta ke tarawa daga ɗan albashinsu tana buƙatar ma'ajin da mutumin Yola da na Ilori za su yarda da shi ko ba su taɓa ganinsa ba. Shekara goma na jarida sun ba Malam Abubakar Imam wannan yarda. Har ila yau, jaridar ita ce hanyar da labarin ƙungiya ke isa lardi lardi. Amma a nan ma akwai igiya, domin Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945 na hukuma ne, editan kuma ya san iyakar inda alƙalaminsa zai kai.

4.3 Sakatarori da Masu Binciken Kuɗi

Malam Umaru Agaie, malamin makaranta, shi ne babban sakatare, Malam Isa Wali kuma mataimakinsa. Shi Malam Isa ɗan gidan malamai ne na Kano, ya yi Makarantar Nazarin Larabci, ya kuma yi aiki a Majalisar Kaduna inda fassara da rubuta bayanin zama suke cikin aikin yau da kullum. Ana iya cewa abin da yake yi wa gwamnati da rana shi yake yi wa ƙungiya da maraice. Malam Yusuf Maitama Sule, malamin Midil ta Kano wanda a lokacin bai wuce shekara ashirin ba, shi ma yana cikin shugabannin da aka zaɓa.

Malam Aminu Kano, wanda aka haifa a 1920, an sa shi cikin masu binciken kuɗi. Ya gama Kwalejin Kaduna a 1942, ya koyar a Bauci, ya yi kwas a Landan daga 1946 zuwa 1947, a lokacin taron kuma yana shugabantar makarantar horar da malamai ta Maru a lardin Sakkwato. Ko da gangan aka yi ko dace ne, tsarin ya yi kyau: an ba mai sanyin ra'ayi ajiya, an ba mai zafin ra'ayi bincike. Wanda ya saba tambayar inda kuɗin baitulmali ke tafiya ba zai ji nauyin buɗe littafin ma'ajin ƙungiyarsa ba.

4.4 Mai Ba da Shawara a kan Shari'a

Muƙamin da ya fi nuna halin da Arewa ke ciki shi ne wanda aka ba Malam Sa'adu Zungur, wato mai ba da shawara a kan shari'ar Musulunci. Idan aka waiwayi Kudu za a ga bambanci. Ƙungiyar Yarbawa ta Egbe Omo Oduduwa, wadda aka ƙaddamar a Ile-Ife a 1948, shugabanta Adeyemo Alakija lauya ne, sakatarenta Obafemi Awolowo shi ma lauya ne. Arewa kuwa ba ta sami lauyanta na farko ba sai a 1955, lokacin da Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilori ya kammala karatunsa. Lauya da likita mai asibitin kansa da ɗan kasuwa mai ilmin boko su ne ke iya tsayawa gaban hukuma ba tare da tsoron kora ba, irinsu kuwa suna da yawa a Ikko, babu su a Kaduna.

Malam Sa'adu ya haɗa ilmi biyu. Ɗan gidan limamai ne na Bauci, ya yi zurfi a fiƙihu da Larabci, ya yi Kwalejin Katsina, shi ne kuma ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba a 1934. Ya koyar a makarantar horar da ma'aikatan lafiya a Zariya kafin rashin lafiya ya mayar da shi gida. Amfaninsa ga ƙungiya shi ne, duk wanda ya ce taron 'yan boko bidi'a ne ko rashin ladabi ga shugabanni, akwai mai ba shi amsa daga littattafan Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello. Abin lura kuma shi ne, a cikin manyan kwamitin shi ne wanda ya riga ya rabu da albashin gwamnati, shi ne kuma ya fi kowa sakin harshe.

4.5 Waɗanda Ba a Gani ba

Idan aka dubi waɗannan manyan muƙamai za a ga likita ɗaya, ma'aikacin Reluwe ɗaya, ɗan jarida ɗaya, sauran kuwa malaman makaranta ne da ma'aikatan ofis. Ba a ga manomi ba, alhali gyaɗa da audugar manomi ne ke cika baitulmali. Ba a ga mace ba, sai a 1963 matan Arewa suka sami tasu jam'iyyar. Ba a ga manyan attajirai ba, alhali a lokacin Alhaji Alhasan Ɗantata yana raye a Kano, yana kuma da dukiyar da ta fi albashin kwamitin gaba ɗaya. Ƙungiyar da ta ɗauki alkawarin yaƙi da jahilci da lalaci da zalunci ta kasance tana magana a madadin talakawa, amma ba ta da talaka a teburinta, ba ta kuma da mai kuɗin kansa da za ta jingina da shi ran da hukuma ta juya mata baya.

5.0 Yadda Sana'a ta Zama Dabaibayi

Shekarar 1950 ta zo da abubuwa a jere. A watan Janairu aka yi taron Ibadan a kan sabon tsarin mulki. A ranar 8 ga Agusta wasu samari a Kano suka kafa NEPU, jam'iyyar neman sawaba. A cikin watan nan kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da batun gyaran tsarin En'e a Majalisar Kaduna. Ƙungiyar da ta ce ba ruwanta da siyasa sai ta tarar siyasa ta shigo mata har ɗaka.

A taron Jos na watan Disamba 1950, wakilan Kano suka nemi a mayar da ƙungiyar ta siyasa, a kuma fito fili a soki mulkin En'e. Masu sassaucin ra'ayi suka ƙi, aka rabu, 'yan NEPU suka kama gabansu. An sha bayyana wannan rabuwa a matsayin saɓanin aƙida, kuma haka ne. Amma idan aka dubi abincin kowane ɓangare za a ga wani dalili a ƙarƙashi. Dokokin aikin gwamnati sun hana ma'aikaci shiga jam'iyyar siyasa, saboda haka duk ran da ƙungiya ta zama jam'iyya, likita da akawu da malamin makarantar gwamnati sai su zaɓi ɗaya, ko ƙungiya ko aiki. Ma'aikacin En'e kuwa, ko da doka ba ta hana shi ba, sarki ne ke iya ɗaga shi ko ya sauke shi. Malam Aminu Kano ya riga ya yanke wa kansa hukunci, domin a ƙarshen 1950 ya ajiye aikin koyarwa. Sauran ba su ga za su iya ba, kuma ba a ce sun yi laifi ba, domin likita ɗaya tilo da yanki ke da shi in ya bar asibiti ya hau dandamali, marasa lafiya ne za su biya.

Daga nan ƙungiyar ta yi sanyi, har aka shiga zaɓen 1951 a ƙarƙashin tsarin mulkin Macpherson. Nasarar da NEPU ta samu a matakan farko na zaɓen, musamman a Kano, ta tayar da hankalin sarakuna da jami'an Turawa, aka ga ana buƙatar jam'iyyar da za ta tare ta. Maimakon a gina sabuwa, sai aka ɗauki wadda ke da suna da rassa. A ranar 1 ga Oktoba 1951 aka bayyana Jam'iyyar Mutanen Arewa a matsayin jam'iyyar siyasa. Dokta Dikko da sauran ma'aikatan gwamnati suka sauka, aka ba Alhaji Sanda, wani ɗan kasuwa mazaunin Ikko, riƙon shugabanci. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suka shigo, a 1954 kuma Sardauna ya zama shugaba. Cikin ɗan lokaci jagoranci ya tashi daga hannun ma'aikatan gwamnati ya koma hannun 'yan majalisar sarakuna da hakimai da manyan ma'aikatan En'e, wato mutanen da tun farko ƙungiyar ta yi niyyar yi wa gyara.

A nan ma kwatanci da Kudu yana da amfani. Lokacin da Awolowo ya fito da jam'iyyar Action Group a 1951, Egbe Omo Oduduwa ba ta rushe ba, ta ci gaba da zamanta a matsayin ƙungiyar al'adu, jam'iyya kuma tana gefe. A Arewa kuwa gida ɗaya ne, da aka mayar da shi na siyasa sai masu aikin sa-kai suka rasa wurin zama. Yaƙi da jahilci ya koma aikin gwamnati, ta buɗe azuzuwan manya a shekarun 1950. Yaƙi da zalunci ya zama taken 'yan hamayya. Ba a bar wata ƙungiya ta yanki gaba ɗaya a tsakani ba wadda za ta iya yi wa kowane ɓangare magana.

6.0 Hidima Bayan Rabuwa

Rabuwa da ƙungiya bai raba waɗannan mutane da hidimar jama'a ba, sai dai kowa ya bi hanyar da sana'arsa ta buɗe masa. Dokta Dikko ya ci gaba da aikin lafiya har ya kai manyan muƙamai a ma'aikatar, a 1967 kuma ya zama kwamishinan tarayya a gwamnatin Janar Yakubu Gowon. Ya rasu a 1977, asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna yana ɗauke da sunansa. Malam Abubakar Imam ya shiga majalisa na ɗan lokaci, sannan ya koma harkar littattafai da Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Arewa, ya rasu a 1981. Malam Isa Wali ya jawo muhawara a 1956 da rubuce-rubucensa a kan matsayin mata, ya shiga aikin jakadanci, ya wakilci Nijeriya a Gana, ya rasu a 1967. Malam Maitama Sule ya zama minista a 1959, daga baya shugaban hukumar sauraron koke-koken jama'a, sannan wakilin Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya. Malam Sa'adu Zungur ya rasu a 1958, Malam Aminu Kano kuma a 1983, dukkansu a sahun hamayya.

Tsarin da aka gani a 1949 ya sake maimaita kansa. Lokacin da aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962, waɗanda suka zauna zaman farko tare da Sardauna da Malam Abubakar Gumi manyan ma'aikatan gwamnati ne, irin su Ali Akilu da Ahmed Talib da Ahmed Joda, da shi Malam Abubakar Imam ɗin. Ƙwarewarsu ta sa ƙungiyar ta tsaya da ƙafarta da wuri, kusancinta da gwamnati kuma ya sa juyin mulkin 1966 ya girgiza ta ƙwarai, ko da yake ita ta rayu har yau.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa waɗanda suka hallara a Kaduna a 1949 sun bi hikimar ayari wajen raba muƙamai: mai martaba a gaba, amintacce a kan kuɗi, mai alƙalami a kan rubutu, mai tambaya a kan bincike, malami a kan shari'a. Ta wannan fuska da wuya a sami kwamitin da ya fi nasu dacewa. Inda suka bambanta da madugu shi ne, kusan dukkansu a hannun ubangida ɗaya abincinsu yake, shi ya sa doka guda ta aikin gwamnati ta isa ta kwashe su a rana ɗaya.

Dokar ƙasa ba ta magance wannan matsala ba. Tun daga dokar kamfanoni ta 1990 har zuwa wadda ta maye gurbinta a 2020, abin da ake dubawa shi ne kada amintacce ya kasance yaro, ko mai taɓin hankali, ko wanda bashi ya karya, ko wanda aka kama da zamba. Babu inda aka tambayi wa ke biyansa albashi. Wannan ya rage ga masu kafa ƙungiya su tambayi kansu. A yau, ko a Awe ne ko a Lafiya ko a Zariya, idan za a kafa ƙungiyar ci gaban gari, akan nemi babban ma'aikaci ya zama shugaba, malamin makaranta ya zama sakatare, ma'aikacin banki ya riƙe kuɗi, kuma babu laifi a cikin haka. Abin da tarihin 1948 zuwa 1951 ke ƙarawa shi ne a ƙirga mutum nawa ne a cikin kwamitin za su iya zama a kujerunsu idan ƙungiyar ta saɓa da gwamnatin da ke ci. Idan aka ƙirga aka ga babu ko ɗaya, to ya kamata a sa manomi da ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu da mace mai jarinta a teburin tun kafin ranar ta zo.